Gwamnatin awa 18 da waɗanda suka share mata hanya

Ranar Talata 22 ga Yulin 1952 Firaminista Ahmad Najib Hilali da ministocinsa suka yi rantsuwar kama aiki a gaban Sarki Faruk a Iskandariyya, inda fada da gwamnatin Masar kan koma duk lokacin zafi. Kafin asubahin Laraba sojoji sun kama hedikwatar rundunarsu a Alkahira, da sassafe kuma Anwar Sadat ya karanta sanarwar juyin mulki a gidan rediyo. Kimanin awa 18 gwamnatin ta yi a duniya. Ita ce ta huɗu da Faruk ya naɗa tun ƙarshen Janairu. Ali Mahir ya yi mako biyar, Hilali ya yi wata huɗu a zuwansa na farko, Husaini Sirri bai cika mako uku ba, sannan aka sake kiran Hilali.

Galibin masu ba da wannan labari da gudu suke wuce waɗannan gwamnatoci, suna ɗaukar su alama ce kawai ta cewa sarauta ta riga ta ruɓe, sojoji kuma ko ba jima ko ba daɗe za su zo. Ban yarda da wannan fahimta ba. A watan Janairu sarautar Masar tana cikin haɗari, babu musu, amma akwai zaɓaɓɓiyar majalisa, akwai tsarin mulki da ake aiki da shi, akwai hanyar komawa ga talakawa a ji ta bakinsu. Zuwa Yuli duk an toshe waɗannan ƙofofi, kuma tun kafin soja ɗaya ya fito daga bariki aka toshe su. Sarki ne ya yi da hannunsa, tare da manyan 'yan siyasa masu ilimi da gogewa da suka riƙa amsa kiransa ba tare da sun gindaya sharaɗin da zai sa aikin ya yiwu ba. Laifin Faruk kowa ya san shi. Na waɗanda suka karɓi kujerar shi aka fi yi wa shiru, shi ne kuma ya fi tsaya mini a rai, domin su sun san abin da ya kamata.

Sai an buɗe tsarin mulkin 1923 ake gane inda gizo ke saƙar. Ya yi wa majalisar ministoci iyayen gida biyu. Sashe na 49 ya ba sarki ikon naɗa ministoci da sauke su. Sashe na 65 ya ce in majalisar wakilai ta kaɗa wa gwamnati ƙuri'ar yanke ƙauna, dole ta yi murabus. A takarda kamar an raba daidai. Amma sashe na 38 ya ba sarki ikon rusa majalisar wakilai, na 39 ya ba shi ikon dakatar da zamanta har wata guda, shi ne kuma ke naɗa kashi biyu cikin biyar na majalisar dattawa. Duk ranar da iyayen gidan nan biyu suka saɓa, na fada ne ke yin rinjaye. Jam'iyyar Wafd, babbar jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, ta lashe duk wani zaɓe na gaskiya da ta shiga, amma in aka tara dukan lokutan da ta jagoranci gwamnati daga 1924 zuwa 1952 ba su cika shekara takwas ba. Sau huɗu fada na sallamar shugabanta Mustafa Nahhas daga kujerar firaminista: 1928, 1937, 1944 da 1952. A Maris 1925, zamanin Sarki Fu'ad mahaifin Faruk, an rusa majalisa a ranar da ta fara zama saboda ta zaɓi Sa'ad Zaglul, jagoran Wafd na lokacin, ya shugabance ta.

Akwai wasu sassa biyu da ba a cika ambata ba, kuma a kansu hujjata ta tsaya. Sashe na 60 ya ce sa hannun sarki a harkokin mulki ba ya aiki sai firaminista da ministan da abin ya shafa sun sa nasu. Sashe na 62 ya ce umarnin sarki, na baki ko na rubutu, ba ya wanke minista daga alhakin abin da ya aikata. Manufar ita ce minista ya zama garkuwar sarki: shi ke sa hannu, shi ke amsa tambaya a majalisa, shi ke faɗuwa in abu ya ɓaci, gadon sarauta kuma ya tsira. Ma'anar wannan a aikace ita ce babu takardar rusa majalisa, ko ta ɗage zaɓe, ko ta naɗa ministan yaƙi, da za ta fita ba tare da alƙalamin firaminista ba. Faruk ba zai iya yin abin da ya yi a 1952 shi kaɗai ba. Kowane mataki sai da aka sami mai sa hannu.

Abin da ya kawo rikicin a taƙaice yake. A Oktoban 1951 Nahhas ya soke yarjejeniyar 1936 da Birtaniya, wadda ta amince da sojan Ingila dubu goma a yankin mashigin ruwan Suwez, alhali waɗanda ke wurin sun kai kimanin dubu 80. 'Yan sa-kai suka fara kai musu hare-hare. Ranar 25 ga Janairun 1952 sojojin Ingila suka kewaye 'yan sandan Masar a Isma'iliyya, ministan cikin gida Fu'ad Sirajuddin ya umarci 'yan sandan kada su miƙa wuya ko da yake bindigoginsu ba sa yi wa tankar yaƙi komai, aka kashe kimanin 50. Washegari Asabar tsakiyar Alkahira ta kama da wuta. Gine-gine wajen 700 suka ƙone ko suka lalace, har da otal ɗin Shepheard, bankin Barclays, gidajen silima da manyan kantuna. A daidai lokacin sarki na fadar Abidin yana walimar haihuwar ɗansa Ahmad Fu'ad tare da manyan hafsoshi, kuma sai da yamma soja suka fito titi. Nahhas ya kafa dokar ta-ɓaci a daren, kashegari aka miƙa masa takardar sallama. Ke nan da hannunsa ya miƙa wa magadansa makamin da za su yi mulki ba tare da majalisa ba.

Ali Mahir, wanda ya gaje shi, shi ne ya fi kusa da gane matsalar. Tsohon shugaban ofishin fada ne, ya taɓa zama firaminista a 1936 da kuma 1939 zuwa 1940, yana cikin waɗanda suka ƙulla sauke Nahhas a 1937. Duk da haka ya ga cewa majalisar da Wafd ke da fiye da kashi biyu cikin uku na kujerunta ita kaɗai ce abin jingina in zai zauna da Ingilishi. Ya lallaɓa Wafd, ita ma ta mara masa baya. Wannan ne fada ba ta so, domin ita burinta a murƙushe Wafd tun tana cikin kunyar gobara. An tanadi takardar dakatar da majalisa don ko ta kwana, sai labarinta ya ɓulla a jarida ba da son Mahir ba, ta hannun ministocinsa da ke kallon fada. Ya ajiye aiki ranar 1 ga Maris, a daidai lokacin da ya kamata ya fara tattaunawa da jakadan Birtaniya. Ministan cikin gida Murtala Maragi da na kuɗi Zaki Abdulmuta'al, waɗanda suka saɓa da shi, suka ci gaba da riƙe kujerunsu a gwamnati ta gaba. Duk wani minista a Masar ya karanci saƙon: biyayya ga fada ta fi biyayya ga firaminista riba.

Sai Hilali, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Lauya ne, tsohon ministan ilimi, an shaide shi da tsabtar hannu, Wafd ta kore shi a 1951. Ba shi da jam'iyya, ba shi da ƙuri'a a majalisa. Shirin da ya zo da shi shi ne tsarkake gida kafin 'yantar da ƙasa, wato a fara da yaƙi da cin hanci, maganar ficewar Ingilishi ta biyo baya. Ya dakatar da majalisa wata guda, ranar 24 ga Maris ya rusa majalisar wakilai, aka sa 18 ga Mayu ranar zaɓe domin tsarin mulki ya ce a kira masu zaɓe cikin wata biyu. Sannan aka ɗage zaɓen ba tare da an sa wata rana ba. An yi wa Sirajuddin ɗaurin talala, an kafa kwamitocin bincike a ma'aikatu.

A ganina wannan ɗage zaɓe shi ne kuskure mafi girma a cikin wata shidan, ya fi sauke Nahhas muni. Sauke gwamnati abu ne da tsarin mulki ya yarda da shi, an kuma saba. Rusa majalisa ma haka, muddin zaɓe zai biyo baya a kan lokaci. Amma da aka rusa aka kuma ƙi yin zaɓe, sai ya zama firaminista ba shi da kowa a bayansa sai sarki, kuma mutumin da sarki kaɗai ke riƙe da shi ba zai iya binciken mutanen sarki ba. Nan shirin tsarkakewar ya ci karo da bango. Cin hancin Wafd gaskiya ne, musamman yadda aka yi wasa da farashin auduga a kasuwar Iskandariyya don amfanin wasu manyan dillalai, har kasuwar ta faɗi ta bar ƙasa da audugar da ba mai saye. Amma duk zaren da mai bincike ya ja, ƙarshensa na kaiwa ga fadawa irin su Karim Sabit mai kula da harkar jaridu da Ilyas Andrawus mai ba da shawara kan kuɗi, ko ga attajiran da ke hulɗa da su. Ga kuma badaƙalar lalatattun makamai ta yaƙin Falasɗinu na 1948, wadda sunayen na kusa da sarki suka fito a ciki. Binciken da ya tsaya kan Wafd kaɗai ramuwar gayya ce a idon jama'a. In kuma ya wuce zuwa fada, ranar mai binciken ta ƙare. A ƙarshen Yuni Hilali ya sauka, jita-jita ta karaɗe gari cewa attajiri Ahmad Abbud, wanda hukumar haraji ke bi miliyoyin fam, ya biya fam miliyan guda don a kawar da shi. Abin da ya fi jita-jitar kanta illa shi ne mutane ba su yi mamakinta ba.

Masu kare Hilali suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa da an yi zaɓe a Mayu, Wafd ce za ta dawo, da Sirajuddin ɗin da ya jefa 'yan sanda bakin tankoki, da dillalan audugar nan, ga ƙasa ba ta gama hucewa daga gobara ba. Na yarda Wafd ce mai yiwuwa ta ci. Amma a duba babban aikin da ke gaban kowace gwamnati a lokacin, wato fitar da sojan Ingila da warware maganar Sudan, inda Masar ta dage a amince da Faruk a matsayin sarkin Masar da Sudan, Birtaniya ta ƙi. Irin wannan sulhu dole sai kowane ɓangare ya sassauta, kuma mai sassautawa sai wanda jama'a ba za su kira shi maci amana ba. Tarihin ƙasar ya riga ya gwada hanyoyin biyu. Yarjejeniyar 1936 ta tabbata ne domin Nahhas ya sa mata hannu yana da rinjaye a majalisa, da shugabannin sauran jam'iyyu a tawagarsa. Daftarin da Firaminista Isma'il Sidƙi ya cimma da Bevin, ministan harkokin wajen Birtaniya, a 1946 kuwa ya mutu, domin Sidƙi ba shi da jama'a. Ingilishi sun san da haka. Me zai sa jakada ya ba da abin da ke hannunsa ga firaministan da wataƙila ba zai kai wata mai zuwa ba, wanda kuma babu majalisar da za ta tabbatar da abin da ya sa wa hannu? Sai ya ja lokaci, kuma haka aka yi.

Ba jakada kaɗai ke jan lokaci ba. A Masar ta wancan zamani sauyin gwamnati kan taɓa gwamnonin larduna, shugabannin 'yan sanda, har da umda, wato mai garin ƙauye. In gwamnati na sauyawa duk bayan makonni, babban sakatare ba zai sa hannu a takardar da za ta ɓata wa wani mai ƙarfi rai ba, sai ya ajiye ta ya ga wanda zai zo. Jami'in tsaro ya fi son kai rahotonsa fada kai tsaye, domin ita ce ba ta sauyawa. Sabon minista kan ci makonni kafin ya san fayilolin ofishinsa, kuma kafin ya sani an sallame shi. Manyan matsaloli kuwa, irin su rabon ƙasar noma, inda masu gonaki da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin ƙasar, babu mai ko taɓa su.

Kada a ɗauka gajeren rai shi ne ciwon. Waɗannan mutanen da kansu sun taɓa jagorantar gajerun gwamnatoci da suka yi nasara. A 1936 Ali Mahir ya riƙe mulki daga ƙarshen Janairu zuwa Mayu, Sarki Fu'ad ya rasu dab da ƙarshen wa'adin, amma ya gudanar da zaɓe ya miƙa wa Nahhas. Husaini Sirri ya jagoranci gwamnatin riƙon ƙwarya da ta yi zaɓen Janairun 1950 ta sauka. Abin da ya bambanta su da na 1952 a fili yake: aiki ɗaya aka ba su, an san ranar gama shi, an san wanda za a miƙa wa. Gwamnatin da ba a zaɓa ba tana iya samun haƙurin jama'a in ta faɗi ranar tafiyarta. Ta 1952 ta ɗauko aikin shekaru, gyaran ƙasa da korar Ingilishi, alhali ko tabbacin mako guda ba ta da shi. Abin da ya wajaba a kan duk wanda aka kira a wancan hali shi ne kafin ya karɓi takardar naɗi ya nemi a rubuta ranar zaɓe a cikin amsar da yake mayar wa sarki, ya nemi a bar masa zaɓen ministan yaƙi da na cikin gida, a kuma nesanta fadawan da ke naɗa gwamnati da sauke ta. In an ƙi, ya ƙi. Da mutum biyu ko uku a jere sun ƙi, da fada ba ta da zaɓi sai komawa ga majalisa.

Sirri ya karɓa ranar 2 ga Yuli ba tare da ko ɗaya ba, har ya saka Karim Sabit cikin ministocinsa. Shi ne ya ci karo da maganar soja, wadda ta daɗe tana tafasa. A ƙarshen 1951 hafsoshi sun zaɓi Janar Muhammad Najib shugaban kulob ɗinsu, suka yi watsi da son fada, wadda ke goyon bayan Janar Sirri Amir (ba shi da alaƙa da firaministan, suna ne ya zo ɗaya). Zaɓen kulob ƙaramin abu ne, amma shi kaɗai ne ma'aunin da ya nuna inda zuciyar hafsoshi take, kuma ya nuna ba ta tare da sarki. Sashe na 46 ya sa sarki ne babban kwamanda mai naɗa hafsoshi da sauke su, Faruk kuma ya ɗauki soja kayan gidansa, babban kwamanda Muhammad Haidar shi yake saurara, ba minista ba. A tsakiyar Yuli aka rusa kwamitin kulob ɗin. Sirri ya ba da shawarar a naɗa Najib ministan yaƙi don a kwantar da hankalin bariki, shawara mai kyau, wataƙila ita ce dama ta ƙarshe. Sarki ya ƙi, Sirri ya yi murabus. Ya yi daidai da ya sauka, sai dai sharaɗin da ya sauka a kansa ranar 20 ga wata shi ya kamata ya gindaya tun ranar 2.

A cikin waɗannan kwanaki ne labari ya isa ga ƙungiyar hafsoshin da Jamal Abdunnasir ke jagoranta cewa fada ta san sunayen wasunsu, kuma ana shirin ba Sirri Amir ma'aikatar yaƙi. Suka matso da ranar da suka tsara. Hilali kuma, wanda bai cika wata guda da ganin yadda aka yi da shi ba, ya sake amsa kira. Fada ta saka masa Kanar Isma'il Shirin, mijin Gimbiya Fauziyya ƙanwar sarki, a matsayin ministan yaƙi, a ma'aikatar da ta fi kowace haɗari a wannan mako. Ya ga haka, ya yi rantsuwa. A daren, Yusuf Siddiƙ, ɗaya daga cikin hafsoshin ƙungiyar Abdunnasir, ya fito da dakarunsa kafin lokacin da aka tsayar, ya tarar da shugaban hafsoshi Husaini Farid a hedikwata ana shirin murƙushe yunƙurin, ya kama shi. Gwamnati na Iskandariyya, fiye da kilomita 200 daga inda abin ke faruwa, abin da ta iya kawai shi ne buga wa Najib waya. Babu jam'iyyar da ta kira magoya bayanta su fito, domin babu wadda ke ganin gwamnatin tata ce. Faruk ya nemi taimako ta hannun jakadan Amurka, Ingilishi ba su motsa ba. Ranar 26 ga Yuli ya sa hannu a takardar murabus a fadar Ra'asut Tin, ya hau jirgin ruwan Mahrusa ya nufi Italiya.

Illar rusa majalisar nan ta Maris ba ta tsaya kan Faruk ba. Sabon sarki, Ahmad Fu'ad, jariri ne ɗan wata shida, dole a naɗa masu riƙon sarauta, kuma a gaban majalisa tsarin mulki ya ce su yi rantsuwa. Sashe na 52 ya tanadi cewa in sarki ya rasu alhali an rusa majalisar wakilai, tsohuwar majalisa ta dawo aiki. Wafd ta nemi a yi haka. Ali Mahir, wanda hafsoshi suka sa aka mayar firaminista, ya miƙa tambayar ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa ƙarƙashin Abdurrazaƙ Sanhuri, ta ba da fatawa cewa sashen rasuwa ya ambata, bai ambaci murabus ba, don haka a naɗa masu riƙo na wucin gadi ba tare da majalisa ba. Da majalisa na zaune a watan Yuli, ko wadda aka zaɓa a 1950 ko wadda ya kamata a zaɓa ranar 18 ga Mayu, da wannan tambaya ba ta taso ba, da hafsoshin sun wayi gari da zaɓaɓɓun wakilai a gabansu da dole su yi magana da su. Ba su tarar da kowa ba. Mahir kansa mako shida ya yi, ya sauka ranar 7 ga Satumba kan saɓani game da dokar da ta ƙayyade mallakar gona a faddan 200 (faddan guda kimanin eka ɗaya ne), Najib ya hau kujerarsa. Ranar 10 ga Disamba aka soke tsarin mulkin 1923, a Janairun 1953 aka rusa jam'iyyu, ranar 18 ga Yuni aka ayyana jamhuriya.